Yadda za ki kira baƙi cin abincin dare a gida ba tare da kin ƙare a gaban murhu ba

Ranar farko da maigida ya ce min abokan aikinsa za su zo cin abincin dare ban fi wata 4 da aure ba, muna haya a Fadaman Mada, ɗaki biyu da falo. Ya ce mutum 6 ne. Ni kuma da rawar kan amarci na ce wallahi sai sun san an auro mai hannu, na ɗora girki kala 7 har da wani abu da na gani a waya wanda ban taɓa dafawa ba. Mutum 11 suka zo. Kunun ayan da na haɗa tun hantsi ya yi tsami don an ɗauke wuta tun azahar kuma Afrilu ne, kin dai san zafin Bauchi a lokacin, sannan har suka ci suka wanke hannu ina tsugune gaban tanda duk jikina ƙaurin hayaƙi, matan nan biyu da suka biyo mazajensu ko gaisuwar kirki ba mu yi ba, sai muryarsu na jiyo daga ƙofa suna cewa amarya sannu da aiki Allah huta gajiya.

Tun daga nan ma'aunina ya zama ɗaya 'yar uwa: lokacin da baƙon farko zai yi sallama ya kasance na yi wanka, na sa kaya, abinci na cikin kula, ni ma zan zauna a yi hira da ni. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa hanyar kaiwa ga wannan ne.

Fara da lissafin kai, tun saura mako guda. Ki zaunar da maigida, kar ki yarda da "'yan mutane ne kawai", ki ce Abban yara su waye da waye, ya faɗa kina rubutawa. In ya ƙirga 10 ke ki dafa na 13 ko 14, don a garin nan ba a rasa 'yan gayyar soɗi, wani zai haɗu da abokinsa a masallaci ya ce mu je ka raka ni, wata za ta zo da ƙanwarta da goyo, kuma babu wanda za ki kora. Hadisi ya ce abincin mutum biyu yana isar uku, gaskiya ne akwai albarka, amma ke ma ki taimaki albarkar da ƙarin gwangwani 2 na shinkafa. Bayan adadi ki san su wane iri ne. Maza zalla? Da matansu? Akwai yara? Akwai surukai ko dattawa a ciki? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ke canja komai, daga abin da za a dafa har inda za a zauna.

Sai lokaci. Ni kam na fi son da an idar da isha'i, wajen ƙarfe 8. Tsakanin magariba da isha'i awa guda ne da 'yan mintoci, kafin mutane su taso daga masallacin unguwarsu su iso a gaisa a zuba abinci an kira salla, a tashi a bar miya tana sanyi. Sai dai in dattawa ne, su ba sa son dare kuma ba sa son cin abu mai nauyi dab da kwanciya, toh su ki ce musu su yi magariba a masallacin kusa da ku, ana sallamewa abinci na shimfiɗe. Kuma ki faɗi ƙarfe nawa, don "bayan isha'i" a wajen wasu har 10 na dare bayan isha'i ne. Sa'anninki saƙon WhatsApp ya wadatar, amma Hajiya ko Baffa ko Goggo ba a tura musu saƙo, a kira su ko ma maigida ya taka ya je da kansa. Ana gobe a sake tuna wa kowa. A wajen gayyatar ne kuma za ki yi dabara ki ji ko akwai mai ciwon suga, hawan jini ko olsa, ba sai an zuba abinci mutum ya yi ta juya cokali yana jin nauyin faɗa ba.

Abin da za a dafa

Nan ne mata muke kashe kanmu. Tukunya 3 ta isa, abin sha 1, 'ya'yan itace 1. Kuma dukkansu ya zama abin da hannunki ya saba, wanda ko cikin duhu za ki iya auna gishirinsa. Sabon girki ki gwada shi a kan yaranki ranar Talata.

Ga abin da nake yi wa mutum 12 zuwa 14. Masa da miyar taushe ita ce uwar tafiya, don baƙon da ya zo Bauchi aka ba shi abinci babu masa kamar an rage masa wani abu ne. Sai dafa-dukan shinkafa saboda yara da kuma abokin aikin da ba ɗan nan ba wanda bai saba da miyarmu ba. Sai farfesu, na kaza ko na kayan ciki, mai romo sosai yadda wanda ya ga dama zai ci masarsa da shi. Zoɓo mai sanyi, ruwa, kankana. Shi kenan fa. In dattawa sun fi yawa sai in cire dafa-duka in tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, miyar taushen dai ta yi musu duka biyun, kin ga tukunya ba ta ƙaru ba.

Awo kuwa, a gidana mudu 1 na shinkafa yana ciyar da manya 8 zuwa 10 in akwai wani abu a gefe, don haka mudu 1 na dafa-duka ya isa tunda ga masa. Masa ina lissafa wa kowane babba 5 ko 6. Kaza ta gida tana ba da yanka 8, ta gidan gona 10 zuwa 12 gwargwadon girmanta, ki lissafa wa kowa yanka 2 ki ga kaji nawa kenan. In aljihu bai kai ba ki koma kayan ciki da ƙashi mai ɓargo, farfesun ya ma fi daɗi kuma babu mai ƙirga yanka a cikin romo.

Maganar masa, bari in tsaya a kanta don ita ce ta fi cin lokaci. Suyar masar mutum 14 a tanda ɗaya awa 2 ce ko fiye kina zaune kina juyi, kuma ita ce ta ƙarshe da ake yi don ba ta son ta huce. In ba ki da mai taya ki, ki ba da aikinta. Babu unguwar da babu gwanar masa a Bauchi, ki je tun saura kwana 3, ki saya ki ɗanɗana tukuna, ki faɗa mata adadi da lokaci, ki ba da rabin kuɗi, ranar kuma ki aika da kularki tun la'asar ta zuba miki kai tsaye daga tanda. Babu abin kunya a nan, miyar ce ake gane hannun uwargida da ita. In kuma kin ce ke za ki yi, toh ga yadda nake yi: mudu 1 na shinkafar tuwo, ki ɗebi gwangwani 1 ki dafa ta yi luguf ta huce, sauran ki jiƙa ta kwana. Da safe ki wanke ki haɗa da dafaffiyar da albasa 2 a kai inji, ki ja wa mai markaɗe kunne kar ya cika ruwa kuma ya ɗauraye injin in ya gama markaɗa attarugun wani. Ki sa yis babban cokali 1 zuwa 2, ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi. Lokacin zafi cikin awa 2 zuwa 3 ya tashi, amma a Disamba da Janairu ƙullu yana iya yi miki taurin kai har la'asar, sai ki sa robar a rana ko kusa da murhu. In za ki soya sai ki sa suga, ɗan gishiri, da ɗan ruwan kanwa ko bakin hoda ya kashe tsamin. Ki soya guda 2 ki ɗanɗana kafin ki ci gaba.

Kasuwa da jajibiri

Cefane kashi biyu ne. Busassun kaya, wato shinkafa, mai, manja, gyaɗa, daddawa, Maggi, zoɓo, citta, kanumfari, suga, yis, tishu, tsinken sakace, waɗannan a saye su tun saura kwana 3 ko 4, a Wunti ko inda kika saba (ku na Gombe kun san hanyar Tudun Hatsi in shinkafa da gyaɗa ne). Ɗanyun kaya kuma ana gobe da sassafe, ni Muda Lawal nake zuwa don a zagaye ɗaya zan haɗa tumatir, tattasai, attarugu, albasa, kabewa da kankana. Alayyahu da yakuwa kaɗai nake bari sai safiyar ranar don kar su yi yaushi. Ki tafi da takarda a rubuce, kar ki dogara da kai, wallahi gishiri ma ana mantawa. Kaji ki sa a yanka a fige miki a can, ki dawo ki wanke kawai. Kayan ciki kuwa sammako ake yi musu wajen mahauta, kuma wankinsu aiki ne mai zaman kansa, tumbin nan sai an zuba masa ruwan zafi an kankare, hanji a juya shi a wanke ciki da waje, kar ki bar wannan sai ranar.

Abin da ba a ci amma yake rusa taro, a duba shi ana gobe shi ma. Ki girgiza tukunyar gas, in kina shakka a cika ta, kuma ki ajiye gawayi ko da na tukunya ɗaya ne. Mai a janareto in akwai, in babu a caja fitilu da fanka mai caji. Ruwa a cika randa da durom. Ki yi magana da mai ƙanƙara ya ajiye miki. Ki fito da faranti, cokula, kofuna da tire ki ƙirga su da hannu, abin da bai kai ba ki aro wajen maƙwabciya tun yau, ba sai baƙi na falo ki aiki yaro yana ratsa su da kular aro ba. Wannan duk aikin maigida ne rabinsa, ki rubuta masa nasa a takarda daban, maza in ba a rubuta musu ba sai su ce ai ba ki faɗa ba.

Da yamma ana gobe ki markaɗa kayan miya ki tafasa su har ruwan ya tsotse, ki soya gyaɗa sama-sama ki murje ki daka, ki sulala nama da albasa da citta da gishiri ki ware romon. Zoɓo ma a daren ake dafa shi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba in kin samu, ki tace ya huce, suga sai gobe, kuma ki ware jug ɗaya da ba za ki sa wa suga ba saboda masu lalura. Na zaɓi zoɓo ne don yana da haƙuri, kunun aya kuwa in babu sanyi 'yan awoyi kaɗan ya juya, in dai kina sonsa dole toh ki haɗa shi bayan la'asar ki nutsa shi cikin ƙanƙara. In wutarku ba abin dogaro ba ce kar ki zuba wa firij amanar naman da kika sulala, ki sake tafasa shi kafin ki kwanta, da asuba ma ki ƙara.

Ranar

Da safe shara da goge-goge da ƙullu. Banɗakin da baƙi za su shiga ki wanke shi da kanki ko ki tsaya a kan mai wankewa, a sa ruwa, buta 2, sabulu, silifas a ƙofa, kuma ki duba ƙwan fitilarsa yana kamawa. Mutane suna manta abin da suka ci amma ba sa manta banɗaki.

Wajen 11 ki ɗora farfesu, musamman in kazar gida ce ko kayan ciki don suna shan wuta, kuma farfesu in ya zauna aka ɗumama ya fi shiga jiki. Bayan azahar miyar taushe: kabewa ta dahu a romon nama ki farfasa ta, ki zuba kayan miyan da kika tafasa jiya, manja, daddawa, sai gyaɗa, ki rage wuta kina juyawa don gyaɗa tana kamu a gindin tukunya, in ta kama kuwa ƙaurin ba ya ɓoyuwa. Ganye shi ne ƙarshe, yakuwa kaɗan don tsami, alayyahu da yawa, minti 5 ki sauke. Ki rage attarugu a komai, ki daka yaji mai daɗi ki sa a ƙaramin kwano, mai so ya ƙara. Gishiri ma ki ja hannu. Dafa-duka ƙarfe 5, suyar masa kuwa ki fara ta awa 2 kafin magariba. Kafin ki zuba abinci a kula ki ɗauraye ta da ruwan zafi, sanyin kula yana shanye zafin abinci. Ta masa kuma ki shimfiɗa mata tsumma mai tsabta a ƙasa da sama ya tsotse gumi, in ba haka ba ta ƙasan za ta jiƙe ta dame.

Kwanon maƙwabta a fitar da shi yanzu, kafin baƙi su zo. Sun sha ƙamshi tun safe, kuma motoci da mashina za su tare musu ƙofa anjima.

Ana kiran magariba ki bar kicin, ko me ya rage. Salla, wanka, kaya, turare. A fesa maganin sauro a falo tun kafin nan a rufe, a buɗe taga ya fita, sannan a sa turaren wuta ya kori ƙamshin suya. In lokacin zafi ne kuma kuna da tsakar gida, shimfiɗa a waje ta fi falo sau goma, tabarma da darduma a kai da 'yan matasai, amma daga Yuni zuwa Satumba kar ki yarda da sararin sama ko da taurari sun fito, ki bar falon a gyare.

Zama: maza a falo ko waje, mata a ciki tare da ke, yara tabarmarsu daban da tire ɗaya babba da wata 'yar babba mai lura da su. Ɓangaren maza maigida ne mai hidima, shi da ƙaninsa ko babban ɗanku, ki jera musu komai a kan ledar cin abinci tun kafin a zo, kuloli a tsakiya kowace da ludayinta, faranti a gefe, yadda ba sai an yi ta ƙwala miki kira ana neman cokali ba. Ki ajiye sallaya 2 ko 3 a inda ake gani don wanda bai samu jam'i ba.

Baƙo in ya shigo ruwa ne farko, sai gaisuwa, a tambayi gida da yara da aiki, kar a tura masa faranti yana ko zama bai gama ba. In mutum biyu ko uku sun makara a jira su minti 20, daga nan a ɗebe musu nasu a rufe a yi bismilla, ba a azabtar da mutum 10 saboda mutum 2. Yaro ya zagaya da buta da roba da sabulu a wanke hannu, masa ai ba ta cokali ba ce.

Sai batun filako, wanda duk wanda ya zauna a Bauchi ko Gombe ya san shi. Akwai baƙon da zai ci loma 3 ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi alhali tun rana bai ci komai ba. In kika tsaya a kansa kina cewa ci mana ci mana kin ƙara ɗaure shi. Ki zuba masa da kanki da ɗan yawa tun farko, ki ce "Goggo dan Allah a daure a taɓa, don ke na yi miyar nan", sannan ki nemi dalili ki fita na minti 10, za ki dawo ki tarar an yi aiki. Surukai kuwa kar ma ki haɗa su shimfiɗa ɗaya, mijin ƙanwar maigida ba zai iya sakin jiki ya ci a gaban Baffa ba, Hajiya ma ba lallai ta ci a gabanki ba, a kai mata nata ɗaki da jikokinta ki ja ƙofa. Kuma dan Allah kar ki fara ba da haƙuri kan abincin, "gishirin bai ji ba, masar ba ta tashi sosai ba", babu wanda ya lura sai da kika faɗa.

In an gama a kwashe kwanuka nan take a kawo kankana da tsinken sakace, maza in 'yan shayi ne a ba su gawayi da butarsu su ƙarasa hirar da shi. Ke kuma kar ki shiga wanke-wanke baƙi na zaune, ƙarar kwanuka kamar sallama ce. Ki kula da matan da ba su zo da abin hawa ba, Keke yana wuya in dare ya yi a wasu unguwannin, tun 9 da rabi maigida ya san wa zai sauke wa, ko a haɗa su da masu mota da suke hanya ɗaya. Ragowar masa da nama ki ƙulla a leda ki ba mata su kai wa yara, nan ma za a ce a'a a bar shi, ki sa a jakar kawai. A raka kowa har bakin ƙofa, dattawa har mota, a ce a gaida gida.

Kafin ki kwanta abu 3 kawai: miyar da ta rage ki tafasa ta sosai don miyar gyaɗa ba ta kwana lafiya a zafi, shinkafar da ta rage in babu firij mai sanyi a bayar da ita a daren, almajirai ko mai gadi, tukwane kuma a zuba musu ruwa su jiƙa. Wanke-wanke sai da safe. Tanda kar a sa mata sabulu, a goge ta da tsumma da ɗan mai a kife. Washegari za ki sha kiran ban gajiya, ke ma ki kira Hajiya da Goggo ki ji sun isa lafiya, sannan kulolin aro su koma gidajensu kafin azahar, kowace da murfinta, da ɗan farfesu ko masa 5 a ciki don ba a mayar da kwano wayam.